Akawu da Katunan Godiyar Yaya

Shekara tara Malama ta yi tana haɗa katunan gaisuwa a kan teburin cin abincinsu, babu wanda ya taɓa sa mata hannu a aikinta, sai da mijinta ya yi ritaya.

Tsohuwar malamar firamare ce, shi ya sa har yau kowa a layin Malama yake ce mata. Tun tana koyarwa ta fara tara hatiman roba: na fure, na ganye, na tsuntsu, da na kalmomi irin su "Barka" da "Sannu da jiki" da "Na gode". Wasu ta saya, wasu kuma wani mai sassaƙa hatimi da ke bakin kasuwa ya yi mata. Takan yanka farin kwali ta ninka, ta dangwala hatimi a soson tawada, ta ɗora a hankali, sai ga kati. Tana kuma yin 'yan ƙananan nan masu huda da zare, waɗanda ake ɗaurawa a jikin kyauta. Duk wanda aka yi wa haihuwa a unguwar, ko mai jinya, ko wanda ɗansa ya gama makaranta, ƙofarta ake ƙwanƙwasawa.

Shi kuwa mijin, shekara talatin da huɗu ya yi a gidan waya, yana bayan kanta yana karɓar wasiƙu yana buga musu hatimi. Akawu ake ce masa. Ranar sallama aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida ya rataye su, ya zauna. Kwana biyu ya yi a zaune. A rana ta uku ya fara gyaran gida.

Ya jera takalma daga babba zuwa ƙarami. Ya manna wa gwangwanayen kicin lambobi. Malama ta danne zuciyarta, ta ce zafin sabon zama ne, zai wuce. Sai ran nan ta dawo daga kasuwa ta tarar ya juye kwandon hatimanta, ya jera su cikin kwalayen takalmi bisa tsarin abacada.

"Malam, ina tsuntsuna?"

"Yana nan tsakanin tauraro da tulu."

"Da can fa ido rufe nake miƙa hannu in ɗauko shi."

"Ai matsalar ke nan," in ji shi. "Aikin da ake yi ido rufe ba aiki ba ne."

Ana cikin haka yayarta ta bugo waya. Yaya ta girme ta da shekara goma sha ɗaya, kuma ba ta taɓa bari ta manta da hakan ba. Watanni biyu da suka wuce ta zame a banɗaki ta karya ƙugu, ta sha kwanciya a asibiti, yanzu ta dawo gida tana dogara sanda.

"Kati tamanin nake so, na godiya," in ji Yaya. "Duk wanda ya taka ƙafarsa ya je duba ni sai ya samu nasa. Waɗanda ba su je ba kuma su gani a hannun waɗanda suka je. Sai ƙanana guda ashirin da zan ɗaura a tawul da sabulun da na saya wa nas-nas. Ran Asabar za a raba."

"Yaya, yau fa Talata."

"Na sani. Ƙuguna ne ya karye, ba kaina ba."

Kafin Malama ta ajiye wayar Akawu ya riga ya naɗe hannun riga. "Tamanin kawai? Ai kafin shayi ya huce na gama da su. A rana ɗaya na sha buga dubu biyu."

Da ta bi ta zuciyarta da ta ce masa ya je ya ci gaba da ƙirga gwangwani. Amma ta dubi kwalin da ba a ko yanka ba, ta dubi kwanakin da suka rage, ta ce to. Ta yanka ƙananan katunan guda ashirin, ta huda su, ta ajiye masa da hatimin fure da jar tawada. Ta juya ke nan za ta ɗauko zare, sai ta ji dam! dam! dam! Cokulan da ke kan teburin suka hau rawa. Hannunsa na tafiya daga soso zuwa kati, daga kati zuwa soso, ko kallon wurin ba ya yi.

"Tsaya! Malam, tsaya!"

Ina! Ya riga ya kai na sha huɗu. Ta ɗaga ɗaya ta duba. Furen da take bugawa ya fito da ganyensa biyar tsaf, yanzu ya koma kamar kyankyason da aka take da takalmi. Tawadar ta fantsama har gefen hudar.

"Wannan mene ne?"

"Ya fito sarai," in ji Akawu. "Daga nesa ma za a gane an buga."

"Ba a so a gane an buga, so ake a ga fure! Ba faɗa kake yi da katin ba. Ka ɗora a hankali, ka ƙirga uku a ranka, ka ɗaga sama sak, kar ka murza."

"Ƙirga uku? Da haka muke yi a ofis da layi ya kai bakin titi."

"To nan babu layi. Ni kaɗai ce, kuma ba sauri nake ba."

Ta kama hannunsa ta nuna masa. Ya yi guda biyu yadda ta ce, yana ƙirgawa da ƙarfi don ta ji haushi, suka fito da kyau. A na uku hannun ya ƙwace masa, dam! Ta karɓe hatimin, ta sake yanka sha biyar.

Laraba ta yini tana yanka da ninki, shi kuma yana zagaya teburin hannu a baya kamar mai duba jarrabawa. Ya ce almakashinta ya dakushe. Ya ce ba ta rufe soson tawada in ta gama. Gaskiya ya faɗa duka biyun, kuma hakan ya fi komai ƙona mata rai. Da la'asar ta haɗa ambulan tamanin da wata takarda mai ruwan madara da ta daɗe tana adanawa. Sai kuma da ta zo gwada hatimin "Na gode", harafi ɗaya ya ɓalle daga jikin robar, abin ya fito "Na go e".

Alhamis da safe ta buga ɗan shuɗin tsuntsu a kusurwar sama ta hannun dama a jikin kowane ambulan. Ta shimfiɗa su a tebur, da kujeru, da kan talabijin, don su bushe. Ta ɗauki jakarta.

"Zan je wurin mai hatimi. Don Allah, Malam, don girman Allah, kar ka taɓa komai."

"Ni yaro ne?"

Mai sassaƙa hatimi mutum ne da bai san sauri ba. Rumfarsa ba ta fi girman kabad ba, tana maƙale tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin jaka. Ya juya hatimin nata a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ya ce wannan ba ya gyaruwa, sai dai sabo. Ya yanko roba, ya zana haruffan a juye, ya fara sassaƙa da 'yar wuƙarsa. In ya cire ɓarɓashi ɗaya sai ya tsaya ya ba ta labarin ciwon bayansa. Ta zauna a kan benci awa biyu tana kaɗa ƙafa. Da ya gama ya gwada a takarda, rubutun ya fito tas, ya fi na da kyau. Ta kamo hanyar gida ranta wasai.

Tun daga bakin ƙofa ta ji shi. Dam. Dam. Dam.

Ta banka ƙofar falo. Akawu na tsaye a gefen tebur, tabarau a kan hanci, ambulan ɗin da ta baza a ɗakin duk ya tattara su wuri guda, ya yi musu tsibi biyu: babba a hagu, ƙarami a dama. A hannunsa akwai wani baƙin hatimi mai mariƙin ƙarfe wanda ba nata ba ne. Ta ɗauki ambulan ɗaya daga babban tsibin. A kan shuɗin tsuntsunta, daidai wuyansa, ga wani baƙin zagaye da kwanan wata a ciki. Na biyu ma haka. Na uku ma haka.

"Me ka yi?" Muryarta ta fito a hankali har ita kanta ta ji tsoro.

"Kwanan wata na sa musu. Wasiƙa ba ta fita babu kwanan wata."

"A kan tsuntsun?"

"Ai a wurin kan sarki kika sa shi. Duk abin da ke wannan kusurwar, kashe shi ake yi. Ƙa'ida ce."

"Ina ka samo wannan abin?"

"Ofis ne suka yar da shi tuntuni, na ɗauka na ajiye."

Ta matso da ambulan ɗin kusa da idonta. Ranar daidai ce, watan ma daidai. Shekarar kuwa ta shekara goma sha ɗaya ce da suka wuce.

"Ka ga shekarar?"

Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya juya hatimin yana murza ƙaramar tayar da ke gefensa. Tayar ta ƙi gaba. "Au," ya ce. "Shekarunsa sun ƙare. Ashe shi ya sa suka yar."

Nan fa abin da Malama ta yi makonni tana haɗiyewa ya taso gaba ɗaya. Ta faɗi maganar takalma, ta faɗi ta gwangwanaye, ta faɗi ta kwandonta da ya juye. Ta ce takardar nan shekara biyu tana tattalinta. Ta ce da bakinta ta roƙe shi da girman Allah. "Guda nawa ka kashe?"

"Saba'in da uku."

"Saba'in da uku! Su gidan waya sun ba ka agogo sun huta, ni aka bar wa wahala!"

Maganar na fita ta so ta kamo ta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Akawu ya ciro hankici ya goge fuskar hatimin a hankali, ya naɗe shi, ya sa a aljihu. Ya fita baranda ya zauna a kan kujerar roba yana kallon titi. Da rana ta kai masa abinci, ya ce ya ƙoshi.

Ta je kantin takardu, suka ce irin wannan takardar ta ƙare, sai mako mai zuwa. Ta dawo ta zauna ta buga "Na gode" tamanin ita kaɗai. Gidan ya yi shiru irin wanda ta yi makonni tana roƙon Allah ya ba ta, ga shi ya samu kuma ta kasa jin daɗinsa. Haushinsa take ji, tana kuma jin haushin kanta, sannan ta sake jin haushinsa don shi ya sa take jin haushin kanta.

Juma'a da safe ta zuba komai a jaka ta tafi gidan Yaya, tana ta shirya yadda za ta ba da haƙuri. Ta tarar da ita a falo, ƙafa a kan matashi, sanda a gefe. Yaya ta buɗe kati ɗaya, ta miƙa shi nesa da fuskarta.

"Furen ya yi ƙanƙanta."

"Yaya, daidai girman katin ne."

"Kuma ja kika sa. Na ce miki ja?"

"Ba ki ce komai ba."

"To ai da kin tambaya." Ta ajiye katin ta ɗauki ambulan. Malama ta buɗe baki za ta fara bayani, sai ta ga fuskar Yaya ta washe. "Kai! Wannan fa? Wa ya yi wannan?"

"Malam ne. Kuskure aka..."

"Ka ji aikin masu ilimi! Yanzu na ga wasiƙa. Rabon da in riƙe ambulan mai hatimin gidan waya har na manta. Duk wanda ya karɓi wannan ya san ba wasa aka aiko masa ba."

"Yaya, ki dubi shekarar. Ta wuce da shekara goma sha ɗaya."

Yaya ta ƙura ido. "A wannan shekarar ƙuguna lafiyarsa lau. A bar ta." Ta ci gaba da juya ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙasa, sai ta ɗaure fuska. "Waɗannan bakwai ɗin fa? Me masu su suka yi mini da za a ba su tsuntsu tsirara? Mayar masa ya ƙarasa. Ke dai kin yi sa'ar miji, ba ki sani ba ne."

Malama ta cije leɓe. Kwana uku tana sunkuye har wuyanta ya ƙage, an ce furenta ƙarami ne. Wanda ya yi ɓarna cikin minti goma shi ne mai ilimi.

"Ga sunayen," in ji Yaya, ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashi. "Sai ki rubuta a jiki ki raba gobe. Kin san ni ba ƙafa."

Malama ta duba takardar a cikin motar haya, ta ji kanta ya fara sarawa. Babu lambar gida ko ɗaya. "Matar mai gyaran rediyo." "Dogon nan mai tari da ya kawo ayaba." "'Yar marigayi direba, ba babbar ba." "Masu koren get." Haka har tamanin.

Ta tarar da Akawu a baranda inda ya yini jiya. Ta tsaya a kansa da ambulan bakwai a hannu, ta yi gyaran murya.

"Yaya ta ce a ƙarasa."

Ya ɗago. "Ai na ɓata su."

"Ka ɓata. Ta ce a ƙarasa ɓarnar."

Ya juya tafin hannunsa na dama a kan gwiwa. "Ba da gangan na yi ba, Malama. Hannun nan ƙarfe bakwai yake tashi, ko ni ban tashi ba. Na shigo na ga ambulan a baje, ban san lokacin da na je na ɗauko hatimin ba."

"Ni ma maganar jiya ba ta kamata ba," ta ce, tana kallon wani wuri. "Amma fa ka ɓata min tsuntsaye."

"Na ɓata."

Ya shiga ciki ya buga bakwai ɗin. Ta lura ya ɗan sassauta hannu, ko da yake cokulan sun motsa. Ta zauna ta baje takardar Yaya a gabanta ta dafe kai.

"Mene ne kuma?"

"Duba ka gani. Ina zan samo dogo mai tari a garin nan?"

Ya ja takardar ya gyara tabarau. "Wanda ya yi aiki a hukumar ruwa ne. Bayan makarantar 'yan mata yake, gida na huɗu, akwai bishiyar mangwaro a ƙofa. Shekara ashirin yana zuwa karɓar mujalla yana yi mana tari a kan kanta." Ya sa yatsa a layi na gaba. "Mai gyaran rediyo ya tashi daga tsohon gidansa, yanzu yana saman kantin fenti. Koren get kuwa guda uku ne a unguwar Yaya, amma biyu ba sa shiri da ita."

Malama ta saki baki. Ya nemi biro, ya fara rubuta sunaye na gaskiya a jikin ambulan da rubutunsa mai tsayi, yana yi yana gyara wa Yaya kurakurai. Biyar kawai suka gagare shi, ya buga mata waya suka yi ta musu har aka gano su. Daga nan ya sauka ƙasa ya rarraba ambulan ɗin a kan darduma tsibi-tsibi bisa hanya: na bayan asibiti, na gefen kasuwa, na hayin gada. Ya ɗaure kowane tsibi da roba. A karo na farko tun da ya yi ritaya Malama ta ga yana tsara abin da yake buƙatar a tsara shi.

Asabar tun da hantsi ya goge takalmi, ya rataya tsohuwar jakarsa ta fata, ya hura wa keke iska ya fita. Malama ta share tebur, ta mayar da hatimanta cikin kwando a hargitse yadda take so, ta dafa shayi ta sha shi da zafinsa, ba mai ce mata ta bar soso a buɗe.

Sai bayan la'asar ya dawo, riga sharkaf da gumi, fuska kamar an yi masa albishir. Ya zube a kujera ya shanye ruwa kofi biyu.

"Saba'in da takwas sun isa hannun masu su. Ɗaya ta yi tafiya, na bar wa maƙwabciya. Ɗaya kuma ya rantse bai ma san Yaya ta yi ciwo ba, amma ya karɓa."

"Sannu da ƙoƙari," ta ce, kuma har zuciyarta ta faɗa.

"Mutane sun yaba ƙwarai. Kowa tambaya yake wa ya yi." Ya zuge jakar ya ciro wata takarda a ninke. "Shi ne na ce musu ai mu ne."

"Mu?"

"Matar mai rediyo tana son arba'in, 'yarta ta haihu. Shugaban makarantar 'yan mata yana son ɗari da ashirin na ɗaurawa a kyaututtukan ɗalibai. Mai kantin fenti talatin. Nas-nas ɗin ma sun ce..."

"Malam. Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Na ga dai ga aiki."

"Ka ce musu yaushe?"

"Alhamis."

"Wace Alhamis?"

Ya dube ta da mamaki, kamar ta tambaye shi sunansa. "Wannan mai zuwa mana."

Malama ta rufe ido ta ja dogon numfashi. Ta buɗe, yana nan zaune da takardarsa yana murmushi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da damin farin kwali ta dire a gabansa, ta ɗora rula da wuƙar yanka a kai.

"Yanka za ka yi. Yanka kawai. In na ga hannunka kusa da tawada, kai da matar mai rediyo za ku ƙarata."

"An gama."

Ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin katunanta don ya ɗauki awo. Ya ɗora rula ta wannan gefe, ya juya ya ɗora ta wancan, ya sake komawa na farko. Ya ɗauko wani katin ya auna. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Malama, kin san duk katunan nan naki gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo? Kaɗan ne fa, amma akwai. Tun yaushe kike yanka su haka?"

Ta ɗauki kofin shayinta ta fita baranda, ta ja ƙofar a bayanta. Daga ciki ta ji yana kiran ta, wai ta zo ta gani da idonta.